Tsohuwar Land Cruiser ko sabuwar Hilux a hanyar Agadas?

Mai garaji: Jama'a, ina nan kan bakana. Duk wanda zai tashi daga Damagaram ya bi Tanut zuwa Agadas, tsohuwar Land Cruiser HZJ79 mai inji 1HZ ta fi Hilux ta yanzu amana. Silinda 6, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta. Waya ɗaya ce ke buɗe wa famfon da ke tura mai cikin inji hanyar gazuwal. In ta tsinke, ka ja wata daga batir, tafiya ta ci gaba.

Mai motocin haya: Malam, wannan sauƙin gyara ne, ba amana ba. Hilux mai inji lita 2.4 doki 150 take bayarwa, 1HZ duk girmansa wajen 130, ga shan mai. Motar da ta shekara 20 kuwa tiyon ruwanta ya bushe, radiyato ya toshe. Ta yi zafi cikin rairayi da bazara, kan inji ne zai tsage, shi kuma ba a gyara shi a gindin ƙaya.

Mai gyaran famfo: Ku dai dubi gazuwal ɗin tukuna. Injektan 1HZ, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, na buɗewa a wajen bar 150 (bar ma'aunin matsi ne), na sabuwar kuwa matsinsa na kaiwa bar 2,000. Da irin wannan matsi, ɗan ruwa ko ƙurar da ke cikin man jarka ya isa ya kankare cikin famfo. Garin ƙarfen sai ya bi bututu ya shiga injekta duka huɗun. Daga nan sai an sauke tanki an wanke, an wanke bututai, an sa sababbin injekta, sannan a shigar da lambar kowane a kwamfutar motar. Wa ke da na'urar nan a Adarbisanat? Tsohuwar in iska ta shiga hanyar manta, ka sassauta noti, ka danna famfon hannu har kumfa ta ƙare. Amma ita ma gazuwal ne ke shafe famfonta, man da aka gauraya da kananzir cinye shi yake yi.

Mai garaji: To ka ji, Alhaji. Zafin da kake faɗi sakaci ne. A wanke radiyato, a canza tiyo, a sake bel ɗin taimin da abin ɗaure shi duk kilomita 100,000, tunda in ya tsinke fistan ke dukan bawul.

Mai motocin haya: Da wane bel? Kayan da ake kawowa daga Ƙofar Ruwa a Kano, na asali da jabu kwalinsu ɗaya. Hilux kuma maganinta sananne ne: a ƙara mata matatar mai (filta) ta biyu mai raba ruwa kafin famfo, a zubar da ruwan ƙasanta kafin kowace tafiya, a sha mai a gidan mai kawai.

Mai gyaran famfo: Bayan Agadas fa, Alhaji, in an nufi Dirku? Can daga duro za ka sha.