Mazarin da ya cika mana sama bayan ruwa, yana cin dawa ne?

Dan Mai Wurno:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da karif (damina) ya kankama mazari ya cika mana hawasha (gona), masu ruwan ɗorawa ɗin nan, da la'asar sai su yi ta shawagi saman dawa ba sa ko sauka. Baffana ya ce a fesa musu magani kafin su yi ɓarna. To wai suna cin amfanin gona ne? Kuma daga ina suke fitowa haka lokaci guda?

Malamin Sinnar:
Wa alaikumus salam. Ka ba Baffa haƙuri ya ajiye kuɗin maganinsa, mazari ba ya cin ganye ko ƙwaya, nama yake ci, sauro da ƙananan ƙudaje yake cafkewa a iska. Wanda ka kwatanta sunansa a kimiyyance Pantala flavescens, kuma matafiyi ne na gaske, ruwan sama yake bi duk inda ya sauka, ya zuba ƙwai a kududdufi, 'ya'yan su girma cikin kamar wata ɗaya da rabi su yi fiffike kafin ruwan ya ƙafe, shi ya sa kake ganinsu a tare. A 2009 wani mai bincike, Charles Anderson, ya rubuta yadda suke tasowa daga Indiya su bi ta tsibiran Maldibs su haye teku zuwa gabashin Afirka, wajen kilomita 3,500, ƙwaron da bai kai tsawon yatsa ba fa!

Hajjo Gadarif:
Malam to in haka ne me ya sa sauro ke cinye mu ga mazarin nan ko'ina? Ni dai ban ga aikin da suke yi ba wallahi.

Malamin Sinnar:
Hajiya suna ragewa ne kawai. 'Ya'yansu na cikin ruwa suna cin tsutsar sauro, amma sauron zazzaɓin dengue a randa da barmil da tsohuwar taya yake haihuwa, can mazari bai cika zuwa ba. Rufe randar dai ba makawa.

Abu Halima:
Mu nan Jazira abin da na lura, tur'ar (magudanar ban-ruwa) da feshin auduga ke zuba a ciki ba ka ganinsu sosai, sauro kuwa sati biyu ya dawo. Masu wanke famfon feshi a bakin tur'a don Allah ku bari.

Malamin Sinnar:
Haka ne akhuy. Shi wannan irin mazarin ba ya cikin haɗari, amma a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce kashi 16 cikin 100 na ire-iren mazari 6,016 da ta duba suna fuskantar ɓacewa, yawanci saboda cike fadamu da gurɓata ruwa.

Dan Mai Wurno:
Tamam, na gode. Yanzu saura shawo kan Baffa, don ya riga ya ari famfon.