Wane lamari na gaske zan ɗauko in koyar da Turancin kimiyya?

Malamar Turanci:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci ga 'yan aji biyu masu karanta kimiyyar sinadarai. Yaran nan sun iya aiki a ɗakin gwaji, amma da an ce su rubuta rahoto sai hannu ya ƙage. Wata ta rubuto min cewa gwajinta ya tabbatar da abu, alhali sau ɗaya tak ta yi shi. Abin ya tsaya min a rai. Littafinmu kuwa wasiƙar neman aiki ce ta cika shi. Ina so mu ɗauki lamari guda na gaske mu bi shi daki-daki. Wanne kuke gani?

Malamin Sinadarai:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗauki gubar dalma ta Zamfara, 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe, sama da 400 suka rasu. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani bai yi ba, sai gwajin jini ya nuna dalma. Wannan kuskuren farkon shi ne darasinki. Ki ba su shafi biyu na rahoton da aka fitar lokacin, su ja layi duk inda aka ce "may" (mai yiwuwa) ko "suggests" (yana nuni), su faɗa miki me ya hana marubucin cewa "proves" (ya tabbatar). Daga nan ki ba su jadawalin yawan dalma a jinin yaran, su mayar da shi sakin layi ɗaya.

Tsohuwar Ɗaliba:
Malama, don Allah ki fara tambaya ko akwai 'yan yankin a ajin. Wata ƙila ƙaninta na cikin waɗanda suka rasu. Kuma ki bar su su tattauna da Hausa minti goma kafin rubutu. Ni sai da na fahimci abu da harshena Turancin ya zo min.

Malamin Lafiyar Al'umma:
Ki fara da kwalarar Landan ta 1854, da likita John Snow ya bi sawunta har famfon ruwa na titin Broad Street. Gajere ne, ga taswira, sati ɗaya ya isa.

Malamar Turanci:
Allah ya saka da alheri. Snow zan fara, Zamfara sati na uku. Akwai 'yan Gusau biyu a ajin, zan same su gobe kafin lacca.