Wane suna ya dace da Favositidae a Hausa?

Ina neman shawarar malamai da masu fassara a kan wani dangin halittun teku da littattafan kimiyya suke kira Favositidae. Sun rayu a tekuna masu ɗumi marasa zurfi tun fiye da shekara miliyan 440 da suka wuce, suka ƙare a babbar halakar da ta auku kimanin shekara miliyan 252 baya, ba abin da ya rage nasu sai gidajensu da suka zama dutse. Sunan da nake ba da shawara shi ne murjanin saƙar zuma.

Duk wanda ya ga irin dutsen da ake tsinta a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin zai gane dalili. Fuskarsa cike take da ƙananan ramuka manne da juna, galibi masu kusurwa shida, faɗin kowanne milimita kaɗan, kamar saƙar da aka ciro daga amya. Idan aka tsaga shi ta tsaye, za a ga kowane rami dogon bututu ne mai hawa-hawa kamar bene, domin 'yar halittar takan shimfiɗa sabon daɓe a ƙarƙashinta duk lokacin da ta ƙara tsawo, sannan akwai 'yan huji a bango da suke haɗa ta da maƙwabtanta. Shi ma Lamarck, masanin Faransa da ya raɗa sunan Favosites a 1816, wato jinsin da dangin ya samo sunansa daga gare shi, daga kalmar Latin mai ma'anar saƙar zuma ya samo shi.

Wani malami ya ja hankalina cewa murjani a kunnen Bahaushe jan dutsen ado ne da iyayenmu mata suke sawa a wuya, kuma hakika jan murjanin Bahar Rum dangi ne daban. Na ji nauyin wannan magana ƙwarai. Sai dai shi ma murjanin adon gidan halittar teku ne, kuma Suratur Rahman ta ambace shi tare da lu'ulu'u cikin abin da yake fitowa daga teku, saboda haka faɗaɗa kalmar ya fi mana aro sabuwa.

Ban yarda da ƙara "burbushi" a sunan don nuna cewa ragowar halittun da suka shuɗe ne ba, domin burbushi ragowar abin da ya farfashe ne, alhali waɗannan sau da yawa cikakku ake samun su. Inda ake bukatar nuna tsufansu, "na dauri" ya wadatar. Idan an amince, danginsu Halysitidae, waɗanda ramukansu suke jere kamar an ƙulla su, sai mu kira su murjanin sarƙa.