Giyar famfo: kofin na cika kuwa, ko kumfa ake sayar wa mutane?

Ɗan Sabon Gari:
Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wajenmu. Mutum ya biya kuɗin rabin lita na giyar famfo, wato wadda ake zubowa daga ganga ta famfo, a miƙo masa kofi da kumfa yatsa biyu ko uku a sama. Masu mashaya su ce haka abin yake, masu saye su ce tauye mudu ne. A Zariya dai ta kwalba ce ta fi yawa, ta famfo sai ɗaiɗaikun wurare, amma mai zuwa Kaduna ko Abuja ya san zancen. Waɗanda suka san aikin su fayyace mana: nawa ne ainihin abin da ke shiga kofin?

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Ƙanena, fara duba kofin kafin ka duba hannun mai zubawa. Kofin iri biyu ne. Akwai mai layi a jiki, an rubuta 0.5 kusa da layin, an kuma bar fili a samansa saboda kumfa. Wannan ba ya jawo rigima, ruwa ya kai layi, kumfa ta hau bisa. Akwai kuma wanda sai an cika shi fal har baki yake ɗaukar rabin lita. A irin wannan, duk kumfar da ka gani, mazaunin abin da ka biya ta cinye.

Ga lissafin. Kofin da faɗin bakinsa ya kai santimita 8, kowane santimita ɗaya daga sama yana ɗaukar wajen mililita 50. Yatsa biyu kusan santimita 3 ne, wato 150. Kumfa idan ta kwanta, abin da take komawa ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, a ce 40. Ka ga an tashi da 390 a maimakon 500. Ido ba ya kama wannan, domin kofin ƙasansa a tsuke yake, samansa a buɗe, ɗan gibin da ake rainawa a sama shi ne mai cin ruwa.

Ganga mai lita 50 kofi 100 ce a takarda. In ana zuba 400, sai ta ba da 125. To amma a yi adalci: babu gangar da ke ba da 100 cif. Zubin farko na yini kumfa ne zalla, wankin tiyo na cin nasa, ƙarshen ganga ma tofi take yi. Mai wurin da ya ce dole yaro ya kawo masa kuɗin kofi 100 a kowace ganga, shi ya koya wa yaron rage awo, ko ya sani ko bai sani ba.

Mai Gyaran Firji, PZ:
Baba ya faɗi ta wajen kanta, bari in faɗi ta bayan kanta. Yawancin kumfar da ake gani a garin nan zafi ne ke kawo ta. Kayan aikin su ne ganga, kan da ake ɗaura mata, tukunyar gas, regileta mai daidaita matsin gas ɗin, tiyo, injin sanyaya, sai famfo. Giyar na riƙe gas ɗinta ne idan tana da sanyi, wajen digiri 3 zuwa 4, kuma a wannan sanyin agogon regileta na zama kusa da 12 a ma'aunin matsi da ake kira psi. Da zarar ta ɗumama, gas ɗin sai ya fara ficewa tun a cikin tiyo, famfo ya riƙa aman kumfa.

Ku duba watan Maris da Afrilu a Zariya, ga zafi ga ɗauke wuta. A kashe janareta da rana don tattalin mai, a kunna da magariba, a ce nan take za a fara sayarwa. Gangar da ta sha rana a mota tana son kwana guda cur a cikin sanyi kafin a taɓa ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne, da an ga kumfa sai a murɗe regileta a rage gas. Hakan ƙara ɓata lamarin yake, domin matsin da ke danne gas ɗin a cikin ruwan ne aka sassauta. Alamarsa, za ka ga gurbin iska a jikin tiyo. In kuma aka ƙure matsin aka bar shi kwanaki a kan ganga mai sanyi, giyar ta sha gas fiye da kima, wannan gangar ta zama ta kumfa har ta ƙare.

Sai tiyon da ba a naɗe shi da abin tsare sanyi ba, da wanda ya lanƙwashe, da robar kan ganga da ta cinye. Wankin tiyo kuma kada ya wuce mako biyu. Dattin da ke taruwa a ciki yana tayar da kumfa, yana kuma sa tsami.

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Haka ne Oga, amma zafi ba hujja ba ne a miƙa wa mutum rabin kofi. Hannu ma na da nasa. Ana karkata kofi kamar digiri 45, a buɗe famfo gaba ɗaya lokaci guda, idan ya wuce rabi a miƙar da shi tsaye. Buɗe famfo rabi-rabi shi ke feso kumfa, kuma mai son cuta ya san haka sarai. In kumfa ta yi yawa, a ajiye kofin minti ɗaya ko biyu ta kwanta, a ƙara. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne kwashe wadda ta tsiyaya a farantin ƙarƙashin famfo a cike kofin wani da ita.

Malamin Awo, Samaru:
Maimakon musu, a auna. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramin sikelin kicin mai lamba. A ɗora kofi babu komai a mayar da sikelin sifili, sannan a ɗora shi da abin da aka zubo. Giya ta ɗan fi ruwa nauyi kaɗan, rabin lita na zuwa wajen giram 505. Kumfa ba ta ruɗin sikeli, don haka ba sai an jira ta kwanta ba. In ka ga 400, ka san inda aka kwana.

In babu sikeli, a gwada kofin kansa. A samu fidar jarirai mai lambobi a jiki, a riƙa auna ruwa ana juyewa har a kai 500, a ga inda ya tsaya. In ya tsaya a baki, kofin ba shi da wurin kumfa. In ya malala kafin a gama, kofin ma bai kai ba. Akwai masu kaurin gindi, a hannu ka ji nauyi, a ido ka ga girma, cikin kuwa ƙarami.

Kuma a kula da kalmar da aka rubuta a allon farashi. Awon da ake kira fayint a Ingila mililita 568 ne, a Amurka 473. In an rubuta "babban kofi" kawai, babu lamba, to ba a yi maka alkawarin komai ba. Tambayi mililita nawa ne kafin ka biya.

Anti Wusasa:
'Ya'yana, ku da kuke da layi a kofi ma kun ji daɗi. A gidan burkutu ƙwarya ce awo, kuma ƙwarya ba ta da sa'a, kowace da girmanta. Burkutu tana kan tashi ake sayar da ita, kumfarta ba ta ƙarewa. Mai son rage awo daga sama take ɗiba da ludayi ta ɗaga hannu ta zubo daga nesa, ƙwarya ta cika da iska. Mai gaskiya tana motsa tukunya, ta zuba a hankali, ta hure kumfar, ta ƙara gyara. Babban algus ɗin ma ba a awo yake ba, ruwa ake ƙarawa idan yamma ta yi tukunya ta ja baya. Ana gane shi da tsinkewa da rashin kauri a ƙasan ƙwarya. Masu saye da yawa sukan zo da galan ɗinsu mai lita 4, shi ke raba gardama.

Maman Kunu, Tudun Wada:
Ni ba ruwana da giya, Allah ya kiyashe mu, amma awo awo ne, kuma sura guda aka saukar a kan masu tauye shi. Abin da kuke faɗa yana nan a zoɓo da kunun aya. Kofin roba a cika shi da ƙanƙara, a tsiyaya zoɓo a tsakankanin, rabin abin da ka biya ruwa ne. Gorunan ma ba ɗaya ba ne, akwai mai mililita 350, akwai 500, akwai 600, a jera su a kula guda a sa musu kuɗi ɗaya. Sai dai kada a zargi mai kunu don ta bar fili a wuyan gora. Ruwa idan ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, kunun aya kuma da ya ji zafi yake fara tashi. Gorar da aka cika fal ko ta kumbura ko ta yi tsartuwa a fuskar mai buɗewa. Yatsa biyu a siririn wuyan gora ba kamar yatsa biyu a bakin kofi ba ne.

Ɗan Kongo:
Ta fuskar doka, a Najeriya sashen awo da ma'auni yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, sannan akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. A Jamus layin jikin kofi wajibi ne, har babban kofin lita ɗaya na bikin giyar Munich yana da nasa. A Ingila kuwa ƙa'idar da masu sana'ar suka ɗora wa kansu ita ce ruwa ya kai aƙalla kashi 95 cikin 100, kuma in ka nemi ciko a cika maka ba tare da ɓata rai ba. Ko a haka, kusan mililita 28 na iya tafiya a kowane fayint.

Mai Gyaran Firji, PZ:
Ƙarin bayani ga masu wuraren: ku daina saka kofi a firiza. Ƙanƙarar da ke manne a jikinsa tana tayar da kumfa kamar yadda kofi mai zafi ke yi. A ɗauraye shi da ruwan sanyi dab da zubawa, ya wadatar. Kuma a raba soson wanke kofi da na kwanon farfesu. In ka ga ƙananan ƙwayoyin iska sun manne a bangon kofi daga ciki, wankin ne bai fita ba.