An rubuta komai a shafi, amma wayar ofis ba ta daina ƙara ba

Sakataren makaranta, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Ni ke riƙe da ofishin wata makaranta mai zaman kanta, boko da islamiyya, kuma na tarar da shafinta na intanet tun kafin a ɗauke ni aiki. Komai yana ciki: ranar fara sayar da fom, takardun da yaro zai zo da su, kuɗin makaranta, lokacin tashi. Amma da watan Agusta ya kama, waya ba ta hutawa, kuma tambayoyin su ne dai waɗanda amsarsu ke shafin. In na ce ai yana shafinmu, sai a ce an duba ba a gani ba. Iyayen nan kuwa masu karatu ne, akwai malaman jami'a a cikinsu, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa. Shi ya sa na fara zargin rubutun. Wanda ya taɓa gyara irin wannan da hannunsa, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai haɗa shafuka, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, ka bar kwamfutar ofis, ka buɗe shafin a wayarka da datarka, ka ga abin da ke fitowa kafin ka ja ƙasa. A yawancin shafukan makarantu da aka kawo min gyara, abin da ke saman shi ne hoton ƙofar makaranta, sai jawabin shugaba, sai tarihin kafuwa. Uban da ke son sanin ranar rufe sayar da fom sai ya wuce duk wannan, kuma ba zai wuce ba. Zai kira ka.

Ba halin mutanenmu ba ne kawai. Tun 1997 wani masani kan yadda mutane ke amfani da shafuka, Jakob Nielsen, ya gwada yadda ake karatu a intanet, ya ga kashi 79 cikin ɗari na waɗanda ya gwada tsallake suke yi suna neman abin da ya kawo su, kashi 16 ne kawai ke bin rubutu kalma bayan kalma. A babban allon kwamfuta ke nan fa. To ina ga mai waya a hannu, yana cikin a-daidaita-sahu, ga kuɗin data da aka ƙara a farkon 2025.

Abin da na yi wa wani ƙaramin asibiti shi ne, na ba mai karɓar waya littafi, na ce duk tambayar da aka yi mata ta rubuta ta yadda mai kiran ya faɗe ta, kada ta gyara. Da muka zauna muka duba, tambayoyi kaɗan ne ke ta maimaituwa. Su muka ɗora a saman shafi a matsayin kanu, da bakin masu kiran: "Nawa ne kuɗin kati?", "Kuna buɗewa ranar Lahadi?", "Yaushe likitan yara ke zama?" Kowace tambaya amsarta na ƙarƙashinta, layi ɗaya ko biyu. Tarihin asibitin ba mu goge shi ba, mun ba shi shafinsa daban.

Sai kuma ka duba ko bayanin naku rubutu ne ko hoton takarda. Makarantu da yawa sukan buga sanarwa a takarda mai hatimi, su ɗauki hotonta su ɗora. A waya sai an yi ta faɗaɗawa ana ja hagu da dama, yana cin data, kuma ba a iya kwafar lambar asusun banki daga ciki.

Sakataren makaranta, Zariya

Na duba yanzu. Kuɗin makaranta hoton takarda ne, kuma sai an shiga wani wuri mai suna "Sanarwa" kafin a same shi. Jawabin shugaba kuwa ban san yadda zan ce a sauke shi daga sama ba.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, Kaduna

Ɗana, kada ka ce masa a sauke. Ka kai masa littafin tambayoyin da ɗan uwanka na Kano ya faɗa, ya gani da idonsa abin da iyaye ke nema. Babba ya fi saurin yarda idan shi ya gano abu.

Ni inda na ɗan saba da ku matasa shi ne batun gaisuwa. Na ga shafukan da aka cire sallama gaba ɗaya wai don a tafi kai tsaye, kuma ban ji daɗinsu ba. Bahaushe ba ya shiga gida haka. A yi sallama, layi ɗaya, a shiga magana. Abin da ke korar mai karatu shi ne doguwar shimfiɗa da kirarin makaranta.

Amma babban ciwon da nake gani a shafukanmu shi ne Hausar da aka fara tunaninta da Turanci. Tun da manhajar fassara ta Google Translate ta saka Hausa a 2013, wasu sai su rubuta da Turanci, su zuba a na'ura, su kwashe abin da ya fito su ɗora ba su karanta ba. Kalmomin Hausa ne, amma ba wanda ke magana haka. A ɗakin labarai an koya mana cewa mai sauraro ba shi da damar komawa baya, don haka jimla ɗaya magana ɗaya, kuma a faɗi wanda zai yi abu. Wata ƙungiyar mata ta kawo min sanarwarta, an rubuta "ana buƙatar a gabatar da takardun da suka dace a lokacin da aka tsara." Wa zai gabatar? Waɗanne takardu? Yaushe? Muka mayar da ita: "Ki zo da katin zama ɗan ƙasa da hoto biyu ranar Talata, daga ƙarfe 9 na safe zuwa azahar." Tsawonsu kusan ɗaya, amma ta biyun ba ta bar wa kowa tambaya ba.

Har yau duk abin da na rubuta sai na karanta wa mai taya ni aiki a gida da babbar murya, ita ba ta yi boko ba. Inda ta ce "na'am?" nan nake gyarawa.

Ɗan Kantin Kwari

Mama ta gama magana. Ni nawa na farashi ne. 'Yan uwana 'yan kasuwa da yawa sukan rubuta "a tuntuɓe mu don jin farashi", hujjarsu ita ce tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 kuɗin kaya ba ya zama wuri ɗaya. Gaskiya ne, amma mai saye in bai ga kuɗi ba sai ya ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ya wuce wani shago. Ni ina saka farashi, in rubuta ranar da na saka a gefensa. In ya canza in canza. Ina kuma rubuta cewa turmin atamfa yadi 6 ne, shadda kuma kuɗin yadi ɗaya na rubuta ko na yadi biyar, sannan kuɗin mota zuwa wani gari a kan mai saye yake. Kafin nan rabin hirar WhatsApp a kan waɗannan take ƙarewa. Yanzu mai turo saƙo ya riga ya zaɓi kaya, lambar asusu kawai yake nema.

Ɗan uwa daga Maraɗi

Alhaji, ka ƙara da rubuta wane kuɗi ne. Mu nan muna karanta shafukanku na Kano sosai, kuma in mun ga 15,000 babu naira babu sefa sai mun tsaya tambaya. Lambar waya ma a sa mata +234 a gaba, mu ma in mun rubuta tamu mu sa +227. Na sha kwafar lamba daga shafi ta ƙi shiga saboda haka. Wani abokina da ke Kumasi kuma ya taɓa rasa karatun da aka sanar za a yi ta intanet ƙarfe 8 na dare, don ba a ce agogon Najeriya ba, su kuwa Gana suna bayanmu da awa ɗaya.

Malamin Hausa, Katsina

Ina roƙon duk mai rubuta shafi ya riƙa saka ɓ da ɗ da ƙ a inda suke. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kyauta ne, ba sauran uzuri. Makaranta musamman, ita da ke koya wa yara ƙa'idar rubutu, bai dace shafinta ya kasa bambanta baki da baƙi ba.

Mai haɗa shafuka, Kano

Na yarda Malam, da sharaɗi ɗaya. Bayan an saka, a buɗe shafin a tsohuwar waya a gani. Wasu nau'o'in haruffan da ake ƙawata shafi da su ba su da masu ƙugiya, sai su fito kamar ɗan akwati, ko su fi sauran girma. In haka ta faru nau'in haruffan za a canza, ba ƙugiyar za a cire ba.

Ma'aikaciyar lafiya, Gusau

Ba wanda ya taɓo abin da ya fi ba ni wahala, wato kwanan wata. A wurin aikinmu an taɓa ɗora sanarwar rigakafi da "gobe" a ciki, babu rana babu wata babu shekara. Bayan lokacin ya wuce da daɗewa wani ya sake tura ta a WhatsApp, mata suka yi sammako da goyo daga ƙauyuka, sun biya kuɗin babur, muka ba su haƙuri suka koma. Abin ya tsaya min a rai. Tun daga nan duk sanarwar da ta bi ta hannuna sai ta ɗauki rana da wata da shekara, kuma wadda ta wuce a sauke ta ko a rubuta "an gama" a samanta.

Jadawalin rigakafin yara ma mun sake masa tsari. Da sunayen allurai aka jera, BCG, Penta da sauransu, uwa kuwa ba da wannan take tunani ba, da shekarun ɗanta take tunani. Sai muka fara da lokacin: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9 ta ƙyanda. Sunan allurar ya biyo baya ga mai son sani.

Malam sakatare, ka lura da kan rubutun ma. In an tura shafi a WhatsApp, kan da ɗan hoto ne kawai ke fitowa, kuma da yawa iyakar abin da za su karanta ke nan. "Sanarwa ta musamman" ba ta gaya wa kowa komai. Ka sa maganar a kan kanta: za a rufe sayar da fom ranar kaza ga watan kaza.

Ɗan Kantin Kwari

Kuma a san wanda ke da alhakin gyarawa. Shafuka da yawa wanda ya haɗa su ya tafi da kalmar sirri, masu wurin ba sa iya canza ko harafi ɗaya. Malam, ka tambaya tun yau a hannun wa taku take, kafin Agusta ta zo.