Centralia: na ratsa wani gari, tituna na nan amma babu gidaje

Sani Tirela:

Assalamu alaikum jama'a. Ranar Talata na ga wani abu da har yau ya ƙi barin zuciyata, shi ne na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu wanda ya san tushen maganar.

Shekarata shida ina jan tirela a Amurka, yawanci a cikin jihar Pennsylvania da maƙwabtanta. Ranar an ba ni kaya zan sauke a Shamokin, sai na bar babbar hanya mai lamba 81 a Frackville na kama ta 61. Na ratsa Ashland, garin da ke kwance a jikin tudu, gidajensa a manne da juna kamar an jera su da igiya. Ina gama hawan tudun sai taswirar wayata ta ce na shigo wani gari wai shi Centralia. Na duba dama, na duba hagu, ban ga gari ba.

Lokacin azahar ya yi, sai na sami gefen hanya na tsaya. Bayan na idar da salla na ɗan taka da ƙafa. Tituna na nan a yanke yadda aka tsara su, da kwaltarsu, da mahaɗarsu, har da hanyar masu tafiya a ƙasa. Amma inda ya kamata a ga gidaje, sai itatuwa da ciyayi. A wani wuri na tarar da matakalar siminti guda uku, irin ta ƙofar gida, ka hau ta farko, ta biyu, ta uku, sai ka tsinci kanka a cikin saura. Na daɗe a tsaye ina kallonta.

Can wajen maƙabarta na haɗu da wata tsohuwar Baturiya riƙe da furanni. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a. Ta ce a nan aka haife ta, yanzu tana zaune a Mount Carmel, amma mahaifiyarta da mijinta duk a nan suke kwance. Ta ɗaga sandarta ta nuna min wata itaciya ta ce daidai wurin ɗakin girkinsu yake. Da na tambaye ta abin da ya tashi garin, sai ta nuna ƙasa ta ce wuta ce ke ci a ƙarƙashinmu. Da ma da sanyi ranar, kuma na lura da ɗan tururi yana fita daga wata tsaga a jikin tudu, da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Lokaci ya ƙure mini, ban samu na ƙara tambayarta ba.

To don Allah, wace irin wuta ce ke ci a cikin ƙasa? Mutum nawa ne a garin a da, nawa suka rage, kuma ina sauran suka nufa?

Baba Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Sannu da hanya. Abin da ka gani kufai ne, kuma tsohuwar nan gaskiya ta faɗa maka.

Duk yankin da ka bi ƙasar kwal ce, irin mai taurin nan da ake kira antirasait, wanda ke daɗewa yana ci kuma ba ya yawan hayaƙi. Shi ya kafa Centralia. Wani injiniyan ma'adinai, Alexander Rae, shi ya yanka titunan da ka taka, aka ba wurin matsayin gari a 1866. Shekara biyu bayan haka aka kashe shi a hanya, a zamanin rikicin ƙungiyar asirin nan ta leburori 'yan asalin Ailan da ake kira Molly Maguires, har aka rataye mutum uku a kan kisan a 1878. Ka ga tun farko garin da wahala aka gina shi.

Ga lissafin da ka nema. Ƙidayar 1890 ta sami mutum 2,761, kuma garin bai taɓa wuce haka ba. A lokacin akwai coci bakwai, otal biyar, banki, gidan waya da shaguna 14. Har 1940 mutane na wajen 2,400. Daga nan aka fara gangara: 1,986 a 1950, sai 1,435 a 1960. Ka lura da kyau, ɗana, duk wannan raguwar kafin wuta ne. Jama'a sun koma ɗumama gidajensu da mai da iskar gas, kasuwar kwal ta faɗi, kamfanoni suka rufe ramuka, samari suka tafi neman abinci a wasu wurare.

Wutar kuwa, abin da aka fi yarda da shi shi ne ta samo asali a ranar 27 ga Mayu, 1962. Jujin garin yana cikin wani tsohon ramin haƙa kusa da maƙabarta, sai hukumar garin ta sa 'yan kwana-kwana su ƙone sharar don a tsabtace wurin kafin ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. Sun zuba ruwa, sun ɗauka ta mutu. Ashe akwai wata kafa da ba a toshe ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wutar ta bi ta nan ta faɗa tsoffin hanyoyin da mahaƙa suka bari a ƙarƙashin garin. Ga kwal ba iyaka, ga iska na shiga ta ramuka, me zai kashe ta? An tona, an ɗura ruwa da dakakken dutse da toka, amma kullum sai kuɗin aikin ya ƙare kafin a cim mata.

A 1979 mai wani gidan mai ya auna tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ya ga zafin man ya kusa digiri 78 a ma'aunin Salsiyas. A watan Fabrairun 1981 ƙasa ta rufta da wani yaro ɗan shekara 12 a bayan gidan kakarsa, ramin ya kai zurfin ƙafa 150. Saiwar itaciya ya riƙe har ɗan'uwansa ya jawo shi. Wannan ne ya sa duk Amurka ta waiwayo. A 1983 majalisar dokokin ƙasar ta ware sama da dala miliyan 42 don a biya mutane su tashi. Wajen mutum dubu suka karɓa, aka rushe gine-gine wajen 500. Daga mutum 1,017 a 1980, ƙidayar 1990 ta sami 63. Sai 21 a 2000, 10 a 2010, sannan 5 a 2020.

Maman Hauwa:

Baba, Allah ya ƙara sani. Ni kuma bari in ƙara abin da lissafi ba ya nunawa. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma na yi wata takwas ina jinyar wani dattijo ɗan asalin garin, tsohon mahaƙi, wanda ƙurar kwal ta cinye wa huhu. Daga gado zuwa banɗaki sai ya huta sau biyu, da robar iska a hancinsa.

Ya ce mini shi wutar ba ta ba shi tsoro ba kamar gabar da ta shiga tsakanin maƙwabta. Masu ƙananan yara, waɗanda aka kafa wa na'urar auna gurɓatacciyar iska a cikin ɗaki tana ƙara da tsakar dare, suna cewa a tashi. Wasu kuma suna cewa wutar ba ta kusa da unguwarsu, masu kururuwa ne ke karya darajar gidajen mutane. Har akwai masu imanin cewa kwal ɗin da ke ƙarƙashin garin ake so, shi ya sa ake korarsu. Mutanen da suka yi makaranta tare, suke zama layi ɗaya a coci, suka daina gaisawa. Shi da ƙanensa sun yi shekara tara ba sa magana, don shi ya karɓi diyya, ƙanen ya ƙi. Sai a jana'izar yayarsu suka shirya.

Yana da lambar ƙofar tsohon gidansa, ta ƙarfe, ya ciro ta kafin katafila ta zo. A kan teburin gefen gadonsa take tare da magunguna. Duk ranar da na zo goge teburin sai ya ce in mayar da ita daidai inda na same ta.

Malam Sani, yawancinsu ba su yi nisa ba. Ashland, Mount Carmel da ƙauyukan kewaye, nan suka bazu.

Ɗan Inugu:

Yaya Sani, labarinka ya tuna mini gida. A Inugu aka haife ni, kakana fatauci ya kai shi, kuma ita ma kwal ne ya kafa ta. An gano kwal ɗin a yankin Udi a 1909, har yau akwai unguwar da ake kira Coal Camp. A Iva Valley ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Magajin garin Inugu na farko ma, Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato ne. Mu ma kwal ɗinmu ya mutu da jiragen ƙasa suka koma dizal, ga man fetur, ga yaƙin basasa. Abin da ya ceci Inugu shi ne ta zama hedikwatar gwamnati, ta sami wani abin dogaro. Tambayata ga Baba: da wutar ba ta tashi ba, Centralia za ta rayu?

Baba Mai Lissafi:

Za ta rayu, ɗana, amma a rame, kamar Ashland da Mount Carmel da su ma jama'arsu ta ragu sosai. Na manta ban faɗa ba: a 1992 gwamnan jihar, Bob Casey, ya sa gwamnati ta karɓe mallakar duk gidajen garin, a 2002 aka soke lambar gidan wayarsu. Waɗanda suka ƙi tashi sun yi ta shari'a har 2013, aka daidaita cewa mutum bakwai da suka rage su zauna har ƙarshen rayuwarsu, kowa ya rasu gidansa ya koma hannun gwamnati. Masana na cewa kwal ɗin da ke ƙasa zai iya riƙe wutar shekara 250.

Sani Tirela:

Baba, Hajiya, Ɗan Inugu, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar lambar ƙofar nan ta taɓa ni, don ni ma makullin ɗakina na gida yana cikin jakata shekara shida, alhali na san an daɗe da canza kwaɗon.

Jiya na roƙi a sake ba ni kayan Shamokin, aka ba ni. Wannan karon na tashi da wuri don in sami lokaci. Na ga ginin hukumar garin yana nan tsaye. Na ga gidajen da suka rage, tsilli-tsilli, ba su cika yatsun hannu biyu ba, ɗaya an share ƙofarsa tas, an yanke ciyawa, ga mota a ajiye. Ban matsa kusa ba, don na tabbata sun gaji da masu zuwa kallo. Na nemi tsohuwar hanyar 61 da zafi ya farfasa har aka karkatar da ita, sai na tarar an binne ta da tulin ƙasa, wani mai yawo da kare ya ce tun 2020 aka yi hakan. Daga nan na ɗaga kai na hango cocin 'yan asalin Yukren a kan tudun arewa, fari mai shuɗiyar ƙubba. Mutumin ya ce a kan dutse aka gina shi, babu kwal a ƙarƙashinsa, kuma har yanzu duk Lahadi waɗanda suka tashi suna tuƙo mota su zo ibada.

Na koma maƙabartar ko zan dace da tsohuwar, ban same ta ba. Furanninta dai suna nan a kan kaburbura biyu da ke kusa da juna, sanyi ya fara ƙona su. Iska ta kayar da gwangwanin ɗaya, na ɗaga shi na tokare da dutse, sannan na koma mota.