Muhawara: Ɗan firamare yana buƙatar lesin bayan boko da Islamiyya?

Maman Ummi, Gyallesu: Assalamu alaikum iyaye. Na san wasu ba za su ji daɗin maganata ba, amma ni dai na ce ɗan firamare ba ya buƙatar lesin. Ummi shekararta 9, tana aji huɗu. Ƙarfe 5:30 nake tashinta sallah da tilawa, ƙarfe 7 keke napep yana ƙofar gida. A tashi boko ƙarfe 2, a riƙe su lesin har 3:30. Tana shigowa za ta sauya kaya, ta ci abinci a tsaye, 4 zuwa 6 tana Islamiyya. Bayan isha'i ga aikin gida na boko, ga haddar gobe, sai wajen 10 ta kwanta. Asabar da Lahadi tahfiz. Daren jiya na same ta barci ya kwashe ta a kan tabarma, lomar tuwo na hannunta. Wallahi sai da na yi hawaye. Yau na je na cire sunanta daga lesin.

Baban Sadiq, Samaru: Wa alaikumus salam. Hajiya, tausayin uwa ne ya yi miki jagora, amma kin yi gaggawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna zaune a Zariya, garin da jami'ar ABU take tun 1962, muna ganin yadda ake turereniya wajen neman gurbin karatun likita da lauya. Yaron da lissafinsa ya karye tun aji huɗu, ba a JAMB za a ɗora shi ba. Kuma in kin ba ta wannan awa ɗaya da rabi, me za ta yi da ita? Ko wayarki ko talabijin.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Doka: Da na fara karantawa gabana ya faɗi, don duk lokacin da aka ce yaro ya gaji, Islamiyya ake fara yankewa. Alhamdulillah ba ita Hajiya ta taɓa ba. Amma Alhaji, bari in faɗa maka abin da nake gani kullum ƙarfe 4. Rabin ajina gyangyaɗi suke yi. Aya uku sai mu maimaita sau goma ba ta zauna ba, alhali yaran nan ranar Asabar da safe shafi guda suke kawowa. Malamanmu na allo a cikin birnin nan, da duk tsananinsu, Alhamis da Juma'a ba a wanke allo. Sun fitar da alarammomi da wannan tsarin. Allah da kansa ya ce a Suratun Naba'i ya sanya barcinmu hutu ne, kuma Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka. Mu ma masu tahfizin ƙarshen mako muna da laifi a ciki, ba zan ɓoye ba.

Anti nas, Shika: Allah ya saka, Malam. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ku lissafa na Ummi: daga 10 zuwa 5:30 awa bakwai da rabi ke nan. A cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, don haka in ka ƙara darasi ka rage barci, kamar zuba ruwa ne a kwando. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. A jadawalin nan ina langa, ina 'yar gala-gala?

Malamar makarantar kuɗi, Sabon Gari: Zan faɗi gaskiya ko da a kanmu take. A inda na taɓa koyarwa, kuɗin lesin shi ne cikon albashinmu, kuma sau da yawa darasin safe muke maimaitawa ga yaran da yunwa ta riga ta cinye. Amma kar a yi kuɗin goro. Yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, a zauna da shi minti talatin sau biyu a mako, yana gyaruwa. Lesin na aji ɗungurungum, kowa da kowa, shi ne ban yarda da shi ba.

Maman 'yan biyu, Tudun Wada: Ku dai kuna maganar masu zama a gida. Ni sai ƙarfe 4 nake tashi aiki, mahaifinsu yana Kaduna. In an sallame su ƙarfe 2, hannun wa za su faɗa? Gara ina sane suna cikin aji.

Maman Ummi: Wannan uzuri ne na gaske, Yaya, ban musa ba. Sai dai a nemi makarantar ta bar su su ci abinci, su ɗan kishingiɗa ko su yi wasa a fili, maimakon a sake ɗora musu allo.

Hajiya Kaka, Ƙofar Gayan: 'Ya'yana, jikata ce take rubuta min. Daga Hanwa zuwa nan tafiyar minti nawa ce? Amma sai Sallah nake ganin jikokina na can. In na yi waya, a ce suna lesin, a ce suna hadda. Rannan babban ya gamu da ƙanin kakansa a wajen suna, ya gaishe shi kamar baƙo. Zumunci a ƙafa yake. Iyayensu a gabana suka tashi, bayan la'asar su yi tsince-tsincen shinkafa, a aike su, da dare a yi ga ta nan ga ta nanku, kuma duk sun yi karatun. Ku ba ni su yammacin Juma'a kawai.

Baban Sadiq: Mama, maganarki ta shige ni, don tawa mahaifiyar ma ta yi wannan ƙorafin. Zan sauke wa ƙaramin lesin Juma'a in kai shi wajenta. Amma Sadiq yana aji shida, jarabawar shiga sakandare na gabansa, nasa ba zan taɓa ba.

Malamin Islamiyya: Na mai jarabawa ba wanda ya hana, Alhaji, na wata uku ne ko huɗu. Matsalar a fara tun nazare. A 2022 gwamnatin Kaduna ta mayar da makarantunta kwana huɗu a mako, maƙwabcina kuwa nan take ya nemo wa yaransa mai lesin Juma'a da safe.

Baban Sadiq: To Hajiya, in sakamakon zangon nan ya fito ki kawo mana mu gani. Ni har yanzu ina tsoron lissafin nan.

Maman Ummi: Zan kawo insha Allah, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Lissafin kuma babanta ya ce zai riƙa zama da ita minti ashirin bayan magariba. Yau ƙarfe 2:30 ta shigo, ta ci dambu a zaune, ta yi ƙailula, na tashe ta da la'asar. Da ta dawo Islamiyya ita ta daka min kayan miya tana ba ni labarin ƙawarta da aka yi wa ƙani.